Rashid Yazami, Mutumin Fas Da Ya Sama Wa Batir Masauki

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya, Gada Biyu, Jos.



 

Kwamitin ilimi ne ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan rayuwar wani masani, aka kuma bar mini zaɓi. Kun san ni, karatuna na Islamiyya ne, sana'ata kuwa sayar da batir da tocila da kayan sola, yau fiye da shekara talatin. To sai na ga babu abin da ya fi dacewa kamar in tsaya a kan hajata. Na zaɓi wani masanin haɗa sinadarai, watau kemistiri, mai suna Rashid Yazami. Da Faransanci Rachid ake rubutawa. Na san kusan babu wanda ya taɓa jin sunansa a wannan zaure, amma kuma duk wanda ke da waya a aljihu yana ɗauke da aikinsa.

Manya za su tuna yadda muka taso. Batirin Tiger ne a tocila da rediyo. Idan ya yi sanyi a shanya shi a rana, ko a ƙwanƙwasa shi da dutse don a ƙarasa jin labarun BBC, daga nan sai bola. Wanda ake iya sake cikawa shi ne na mota, wanda ake ɗauka a baro a kai wa mai caji don a kalli talabijin da daddare. Wannan na motar tsohon abu ne ƙwarai, wani Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi tun 1859, dalma ce da ruwan asid. Yana aiki har gobe, amma ga nauyi kamar dutsen niƙa. Abin da masana suka shekara da shekaru suna nema shi ne batir mai ƙarfi, marar nauyi, wanda za a cika shi sau ɗaruruwa bai mutu ba, bai kuma tashi da mai shi ba.

Tun tuni an san ƙarfen da zai iya wannan aiki. Sunansa litiyam, an gano shi a Suwidin a 1817. A duk ƙarafan da Allah ya halitta babu wanda ya kai shi rashin nauyi, har yawo yake yi a kan ruwa, ga shi da saurin sakin wuta. Aibinsa ɗaya, zafin kai. Ya taɓa ruwa sai ya hau tafarfasa, wani lokaci har da gobara.

Bari in kwatanta yadda batir mai caji yake da abin da muka gada, watau fatauci. Ku ɗauka zango biyu ne, ɗaya a ɓangaren da ke da alamar tarawa, ɗaya a ɓangaren da ke da alamar ɗebewa, ga kogi a tsakani, shi ne ruwan batir. Ƙwayoyin litiyam su ne fatake. Idan ka sa waya a caji, ka kora ayari ne daga zangon tarawa, su haye kogi zuwa zangon ɗebewa su sauka. Idan ka cire kana amfani da ita, ayarin yana komawa gida, wannan komawa ita ke ba ka wuta. Iyakar abin ke nan, kai da kawowa. Amma duk wanda ya san fatauci ya san ayari ba ya zaman lafiya sai da masauki na kirki a kowane zango, da fatoma mai ɗakuna wanda zai karɓi baƙo ya kuma sallame shi da kayansa cif.

A farkon shekarun 1970, kamfanin mai na Exxon a Amurka ya ɗauki wani Baturen Ingila, Stanley Whittingham, ya nemo abin da zai maye gurbin fetur, rikicin man 1973 kuma ya ƙara wa neman zafi. Shi ya fara haɗa batirin litiyam mai caji. A 1980 kuma wani Ba'amurke da ke koyarwa a Jami'ar Oxford, John Goodenough, ya samo wa zangon tarawa masauki mafi kyau, haɗin litiyam da wani ƙarfe mai suna kobalt, wanda ya kai ƙarfin batirin wajen bolt 4. To an gama da zango ɗaya. Ɗaya zangon fa? Can babu masauki, zallar ƙarfen litiyam ake sakawa. Duk lokacin da aka yi caji, fataken da suka hayo sai su yi ta hawa kan juna a fili, ba tsari, har su tsiro kamar ƙaya ko allura. A kwana a tashi allurar nan ta huda shingen da ke tsakani ta taɓo ɗaya ɓangaren. Masu gyaran wuta sun san abin da ke faruwa idan waya biyu suka haɗu. Wani kamfani a Kanada mai suna Moli Energy ya yi gaggawar kai irin wannan batir kasuwa, a 1989 wata wayar hannu ta kama wuta a Japan ta ƙona mai ita, aka janye kayan duka, kamfanin ya durƙushe.

A nan ne mutuminmu ya shigo.

An haifi Rashid Yazami a 1953 a birnin Fas na ƙasar Maroko. Ba sai na gaya wa wannan zaure ina ne Fas ba. Can masallacin Alƙarawiyyin yake, wanda tarihi ya ce wata baiwar Allah, Fatima al-Fihriyya, ta assasa a shekara ta 859, can kuma kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yake. A kwantar da hankali, ba zancen ɗariƙa na kawo ba, batir na kawo. Abin nufi, yaron ya tashi a gari irin Kano ko Katsina, garin lunguna da marina da majema da makarantun zaure. A nan ya yi sakandare, sa'an nan ya haye zuwa Faransa, ya shiga babbar makarantar injiniyoyi ta birnin Grenoble, ya gama a 1978. Bai tsaya nan ba, ya zarce bincike a ƙarƙashin malaminsa Philippe Touzain.

Abin da ya sa a gaba shi ne wani abu da kowane ɗan firamare ya sani. Baƙin nan da ke cikin fensir, wanda yara ke cewa dalma, ba dalma ba ne. Sunansa girafayit, ɗan'uwan gawayi ne, asalinsu ɗaya. Bambancinsa shi ne Allah ya yi shi falle-falle, kamar warƙoƙin littafi a jere. Shi ya sa idan ka goga shi a takarda yake barin baƙi, fallayen ne ke zamewa. Tsakanin falle da falle akwai sarari, ɗan ƙanƙane wanda ido ba ya gani, amma ya isa ƙwayar litiyam ta shiga ta zauna. Duk ƙwayar gawayi 6 suna saukar da ƙwayar litiyam 1. Kun ga ɗakuna ke nan, an riga an gina, sai baƙi.

Masana da dama sun hango haka kafin shi, a Jamus da Amurka, kada mu ci haƙƙinsu. Amma da sun gwada a cikin batir sai abu ya lalace. Dalili kuwa ruwan batirin da ake amfani da shi a lokacin yana manne wa litiyam, su kutsa cikin girafayit tare, ruwan ya ruɓe a ciki, fallayen su ɗaɗɗage. Kamar baƙon da ka ba ɗaki ne ya ce sai ya shiga da raƙuminsa, ai ƙofa da bango duk sai sun zube. Har mutane da yawa suka yanke cewa girafayit ba zai yi ba.

Shi Yazami sai ya ce a sauya kogin. A wannan lokaci a Grenoble ɗin akwai wani masani, Michel Armand, da ya fito da dabarar yin ruwan batir wanda ba ruwa ba ne, wani abu ne sandararre kamar leda, wanda litiyam ke iya ratsawa amma shi ba ya motsawa. Yazami ya sa wannan leda a tsakani. Raƙumi ya tsaya waje, baƙo ya shiga shi kaɗai. A 1980, yana ɗan shekara 27, ya nuna cewa ana iya tura litiyam cikin girafayit da wutar lantarki, a kuma dawo da shi, a sake turawa, girafayit ɗin bai farfashe ba. Shi ne mutum na farko da ya tabbatar da wannan kai da kawowa a cikin batir. Shi da malaminsa suka buga sakamakon a mujallar masana a 1983, ya kammala digirinsa na dakta a 1985, cibiyar binciken kimiyya ta gwamnatin Faransa, CNRS, ta ɗauke shi aiki a wannan shekara.

Jama'a ku lura da shekarar nan ta 1980. Goodenough a Oxford ya gina masaukin zango ɗaya, Yazami a Grenoble ya nuna masaukin ɗaya zangon, a shekara guda, Ingila da Faransa kuwa ɗan teku ne a tsakaninsu. Amma batirin bai fito daga Ingila ba, bai fito daga Faransa ba. Jami'ar Oxford ma ƙin biyan kuɗin rajistar mallakar fasahar ta yi, Goodenough ya sa hannu ya bar wa wata cibiyar gwamnati, bai ci ko sisi daga cinikin ba. Batirin Yazami kuma na ɗakin bincike ne, ledar nan ba ta barin litiyam ya wuce da sauri sai da ɗumi, ba abin da za ka sa a kanti ka ce a zo a saya ba ne.

Mutanen Japan ne suka ɗauka daga nan. Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei ya karanta aikin Goodenough, ya haɗa shi da wani irin gawayi da ake samu daga dagwalon matatar mai, domin shi wannan yana jure ruwan batir na lokacin. A 1985 ya yi rajista. Ya kuma yi gwajin da ni a matsayina na ɗan kasuwa ya fi burge ni: aka sako ƙaton ƙarfe a kan batir mai zallar litiyam, ya tashi da wuta, aka sako a kan nasa, shiru. A 1991 kamfanin Sony ya fito da batirin litiyam kasuwa. Wajen wannan lokaci wasu masana a Kanada suka gano ruwan batirin da ke yi wa girafayit wata 'yar riga maimakon ya farfasa shi, to daga nan kamfanoni suka yi ta komawa kan girafayit, domin ya fi gawayin matata ɗaukar baƙi. Yau kusan duk batirin waya da kwamfuta da mota mai lantarki da na sola, idan ka buɗe ɓangaren ɗebewa, girafayit za ka tarar. Da wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, ba a daɗe ba wannan batir ya zama shi ne a hannun kowa.

Shi kuwa Yazami ya ci gaba da aikinsa, ba hayaniya. A 1998 ya kai matsayin daraktan bincike a CNRS. Daga 2000 zuwa 2010 yana Kaliforniya, a jami'ar Caltech, inda ya yi aiki tare da masu haɗa batura don na'urorin sararin samaniya. A 2010 ya koma Singafo, Jami'ar Nanyang, ya kuma kafa kamfaninsa a can. Abin da ya fi ba ƙarfi a wannan zango na rayuwarsa shi ne yadda za a san lafiyar batir tun kafin ya yi ɓarna, da yadda za a cika shi cikin mintoci ba tare da an gajarta masa kwana ba. A 2014 makarantar manyan injiniyoyin Amurka ta ba shi lambar Draper, wadda ita ce babbar lambar injiniyoyi a can, tare da Goodenough da Yoshino da Yoshio Nishi na Sony. A wannan shekara Sarki Muhammadu na Shida na Maroko ya karrama shi, Faransa ma ta ba shi lambar girma a 2016.

Sai 2019 ta zo. Aka sanar da lambar Nobel ta kemistiri a kan batirin litiyam, aka kira Goodenough, aka kira Whittingham, aka kira Yoshino. Ba a kira Yazami ba.

Na san abin da ke zuciyar wasunmu yanzu: ai dama, Balarabe ne, Musulmi ne, ɗan Afirka ne. Allah ne masanin zukata. Amma akwai abubuwan da ya kamata a faɗa don adalci. Ƙa'idar Nobel ba ta wuce mutum uku a lamba ɗaya, masu hannu a wannan batir kuwa sun fi goma. Michel Armand ɗin da na ambata Bafaranshe ne fari tas, shi ma an bar shi. Nishi na Sony wanda ya kai kayan kasuwa, an bar shi. Ahmad Zuwail na Masar kuma ya karɓi wannan lamba ta kemistiri shi kaɗai a 1999. Ni dai a ganina an yi wa Yazami ƙwauro, domin masu lambar sun saka wa mutum biyu a kan zangon tarawa, alhali abin da ke zangon ɗebewa na wayoyinmu yau shi ne girafayit ɗin da shi ya fara tabbatarwa. Amma idan ka tambaye ni me ya raba shi da Yoshino, zan ce maka shi ya nuna abu zai yiwu, Yoshino kuma ya haɗa abin da za a iya sayarwa. Mu 'yan kasuwa mun san duniya ta fi tuna wanda ya kawo kaya rumfa a kan wanda ya fara sanin hanya.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu, kuma abin dariya da Maroko ɗin ne. Jar fatar akuyar Sakkwato, wadda majemanmu suka jeme a Kano da Sakkwato, fatake suka ratsa Sahara da ita, ta isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka. Turawa suka yi ta yi wa littattafansu bango da ita suna kiranta fatar Maroko. Akuya tamu, jima tamu, suna na wani. To ga shi zamani ya juyo, an yi wa Bamaroke abin da aka yi mana da sunan ƙasarsa.

Yanzu bari in dawo gida, domin ba don mu tausaya wa Yazami na tsaya nan ba, shi ya samu rabonsa. Me ya kawo kakanninmu wannan tudu? Kuza. Tun kafin Bature ya zo, maƙeran Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna haƙa ta, suna narka ta, suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai wa kasuwanni. Wannan kayan ne Turawan kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa, suka bi sawu har suka iso nan a farkon shekarun 1900. Ba a daɗe ba narkar gargajiya ta mutu, jikokin masu narka suka koma lebura da 'yan kwangila. Aka jawo jirgin ƙasa daga Zariya har Bukuru a 1914 don kwasar ta, aka kafa lantarkin NESCO don injunan haƙa. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, aka yi ta kamo mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, da yawa sanyi da yunwa suka kashe su a nan. Shekara kusan sittin ana ɗibar kuza ɗanya zuwa Ingila kafin a gina matatar Makeri a farkon shekarun 1960. A watan Oktoba na 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe, a shekarar da Yazami ya karɓi digirinsa, Yoshino ya yi rajistar batirinsa. Abin da aka bar mana kuna ganinsa a hanyar Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, kududdufai masu cin yara da shanu.

Ba na raina kuza. Ita ta gina garin nan, da kuɗinta aka yi gidajen da wasunmu suka gada, har yau kuma ita ce dalmar da mai gyaran waya ke liƙa wayoyi da ita. Amma ga tarihi yana neman maimaita kansa. Irin duwatsun da ke ɗauke da kuza su ne ke ɗauke da litiyam, ga shi an same shi a Nasarawa da Kaduna da Kogi da Kwara. Samarinmu nawa suka bar shago suka tafi dajin haƙa? A watan Mayu na 2024 aka buɗe masana'antar wani kamfanin Sin mai suna Avatar a Jihar Nasarawa, aka ce tana iya sarrafa tan 4,000 na dutse a rana. Madalla, ya fi a kwashe shi ɗanye. Amma a fahimta, niƙa da tankaɗe ake yi a can, ba batir ake haɗawa ba. Garin dutsen zai tafi Sin, a tace, a haɗa, ya dawo mana a kwali, ni in saro, ku ku saya. A ƙarshen wannan shekara kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna yara ƙanana, wasu ba su kai shekara goma ba, suna tsintar dutsen litiyam a ramukan Pasali a Nasarawa, ba makaranta. Farashin ma ba shi da amana. Ya yi tashin gwauron zabi har ƙarshen 2022, cikin 2023 ya faɗi da kusan kashi 80 cikin ɗari. Wanda ya ga 1985 ba sai an yi masa bayani ba.

Ku dubi ƙasar su Yazami. Allah ya ba Maroko dutsen fosfet, wanda ake takin zamani da shi, kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da aka sani a duniya. To irin batirin sola da muke sayarwa yanzu, wanda ya fi jure zafi da yawan caji, litiyam ne da baƙin ƙarfe da fosfet, kuma daga ɗakin binciken Goodenough ɗin nan ya fito a Texas a 1997. Mutanen Maroko ba su tsaya a sayar da dutse ba. A watan Yuni na 2024 suka sa hannu da kamfanin Gotion na Sin a kan gina masana'antar batir sukutum a Kenitra, kashin farko dala biliyan 1.3. Ba na cewa Yazami ne ya kawo ta. Amma ƙasar da ke da irin su Yazami, idan ta zauna ciniki da baƙo, akwai wanda ya san abin da ake sayarwa a ɓangarenta na tabarma.

Tunda na ambaci haja, bari in ba ku abin da za ku koma gida da shi, duk daga bayanin masaukin nan yake. Ɗakunan girafayit suna da iyakar saurin da suke karɓar baƙi. Idan ka sa cajar banza mai tura wuta ba lissafi, fatake suna isowa da yawa fiye da yadda ƙofa ke ɗauka, sai su taru a waje, ƙayar nan da ta kashe Moli Energy ta fara tsirowa. Haka idan an yi caji cikin tsananin sanyi irin na ƙanƙara, amma sanyin Jos, duk da kurinmu, bai kai can ba. Zafi shi ne babban abokin gabarmu: waya a ƙarƙashin matashi tana caji, ko fawa bank a gaban mota cikin rana. Batirin da ya kumbura iska ce ta taru a ciki saboda ruwan ya fara ruɓewa, kada a danne shi, kada a huda shi, kada a ba yaro ya yi wasa da shi, kada kuma a jefa shi cikin sharar da za a ƙona. Babban kamfani ma abin ya taɓa kayar da shi, Samsung ta janye Galaxy Note 7 gaba ɗaya a 2016 saboda gobara, balle kayan da babu sunan kowa a jiki. 'Yan'uwana masu shago, idan fawa bank ya yi arha fiye da hankali, ko batirin sola an ce sabo ne amma farashinsa rabin na kowa, mu da ku mun san tsofaffin ƙwayoyi ne aka sake wa riga. A gidan wani za a kwana da shi, da iyalinsa.

Abu na ƙarshe, ga kwamitin ilimi. Na duba sunayen yaran da asusun ƙungiya ke tallafa wa, yawancinsu likita, lauya, akanta. Duk alheri ne. Amma idan yaro ya samu kemistiri ko ilimin ma'adinai a Jami'ar Jos, sai ka ji uban yana cewa ai bai samu abin da yake so ba ne, aka jefa shi can. Ga jami'a a garinmu tun 1975 da waɗannan sassa, ga cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa a kan titin Zariya, nan kusa da mu, muna wucewa ta ƙofarta kullum, ban sani ba ko akwai ɗan unguwar nan da ya taɓa leƙawa. Ina roƙon a ware gurbi biyu a tallafin bana don waɗannan fannoni, mace ko namiji, a kuma rubuta wa cibiyar takarda a nemi izinin kai 'yan ajin ƙarshe na Islamiyyarmu da na sakandare ziyara kafin hutu. Kuɗin motar wannan rana na ɗauka, sakatare ya rubuta.

Na ga ladan yana duba agogo, nan zan tsaya. Wanda ke da tambaya a kan batir ya same ni bayan salla.